Mai Hoto da Cikin da Ba na Haihuwa Ba

A layin da shagonta yake babu wanda ya san ta da wani suna sai Mai Hoto. Yara su ce Anti Mai Hoto, sa'o'inta su ce Mai Hoto kawai. Mijinta kuwa, idan tsokana ta motsa masa, sai ya ce da ita Sarauniyar Murmushi, domin maganar da ta fi fita daga bakinta ke nan tun safe har yamma: "Ɗan murmushi mana, ai ba kotu aka kawo ki ba!"

Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan lungu a baya, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran takalma. A ciki akwai labule uku da ake ja: fari na fasfo, shuɗi na 'yan makaranta, da wani mai zanen lambu da ƙorama wanda rana ta ci rabinsa amma masoya ba sa yarda da kowa sai shi. Akwai fitilu biyu masu lema, da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. A jikin ƙusa kuma akwai baƙar kwat guda ɗaya da ake ara wa masu neman aiki. Kwat ɗin nan ta hau kafaɗar siriri ta hau ta ƙato, kuma Mai Hoto ta rantse cewa rabin ma'aikatan unguwar da ita suka samu aiki.

Gadon sana'ar ta yi. Mahaifinta mai hoto ne tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma cikin 'ya'yansa biyar ita kaɗai ce warin maganin wankin bai kora ba. A wurinsa ta koyi cewa fuska ba ta son a matsa mata, sai an yi hira da mutum ya manta da kansa sannan a danna. A wannan shagon kuma ta haɗu da mijinta. Ya zo ɗaukar fasfo, saurayi mai gyaran firji, hannunsa duk baƙin mai. Sau huɗu tana dannawa, sau huɗu yana ƙifta ido. A na biyar ta ce, "Malam, ko dai in zana ka da biro?" Ya dawo washegari ya ce hoton bai yi masa ba. Ya dawo jibi ma. Mahaifinta ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Samari, fasfo nawa mutum ɗaya yake buƙata?"

Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu. Babbar ta bi sahun uwarta, ita ke zama gaban kwamfuta tana gyara hotuna. Auta kuwa tana sakandare, bakinta ya fi na uwarta kaifi.

Mai Hoto na da shekara arba'in da uku lokacin da al'adarta ta fara sauya hali. Abin da take yi a kwana biyar ya koma takwas, ya koma goma sha biyu, yana zuwa da yawa har da guda-guda. Ta daina zama a kan kujerar baƙi mai farin matashi. Ta ajiye wani baƙin zani a lungun shago, da jaka cike da audugar mata, kuma duk aikin da za a kira ta waje sai ta fara tambaya a ranta ko akwai banɗaki kusa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce girma ne, jinin zai yi haukarsa ya ɗauke.

Sai gajiya ta biyo baya. Matakala shida ce daga titi zuwa ƙofar gidansu, amma sai ta tsaya a ta huɗu kamar tana neman makulli a jaka, alhali numfashi take nema. Sai kuma wani kwaɗayi da ita kanta ya ba ta kunya: ƙanƙara. Shagon mijinta na bayan layinsu, kuma duk firjin da ya gyara sai ya zuba ruwa a ciki don ya gwada ko yana daskarewa. Da rana sai ta leƙa wai ta zo gaishe shi, ta buɗe firjin mutane ta kwashe ƙanƙarar a kofi, ta koma tana gurgura ƙaras-ƙaras.

"Wai ni kam," ya ce wata rana, "mace na aura ko injin niƙa? Na zuba ruwa tun safe, na dawo babu komai, har na kusa sake kwance firjin bawan Allah."

"Zafi ake yi, Baban yara."

"Zafin a bakinki kaɗai ya sauka?"

Daga nan ciki ya fara tasowa. Siket ya ƙi rufuwa, fitsari ya matsa mata, kwanciya rub da ciki ta gagara. Mai Kitso, wadda shagonta ke kallon nata kuma babu abin da ke wuce idonta, ta tsallako titi wata safiya tana rangaɗa guɗa.

"Ashe haka kike, munafuka! Auta za ta sauka daga kan karaga ba ki faɗa mana ba?"

"Wane ciki? Ni da nake ganin al'adata."

"Ai shi ne kwantaccen ciki. Ƙanwar kakata ta yi shekara uku da nata."

Kafin azahar layi ya ɗauka. Mai fenti ya ce zai shafe ɗakin jariri kyauta. Mai gyaran takalma ya fara raha cewa a ba shi awon ƙafa tun yanzu. Mijinta ma, da ya san ba haka ba ne, an kama shi yana tsaye yana murmushi shi kaɗai da sukudireba a hannu. Ta sayi abin gwaji a kemis har sau biyu, duka biyun suka ce babu. Ta ɓoye su a ƙasan kwandon shara, ta ci gaba da dariya tare da masu yi mata barka, amma a ranta tsoro ya fara yin gida. Ta san abin da ke girma a cikin mace ba tare da ya motsa ba.

Sana'arta ce ta tona mata asiri. Sun sayi sabuwar fitila, babbar 'yarta ta ce, "Mama, zauna in gwada a kanki." Da hoton ya fito a kwamfuta, Mai Hoto ta ɓata fuska.

"Hasken ya yi yawa. Dubi leɓena, kamar na sha gari. Rage shi."

Aka rage, aka sake. Haka dai.

"Zo ki zauna, ke ba ki iya ba."

Ta ɗauki 'yar a wuri ɗaya da haske ɗaya. Yarinya ta fito jawur da ita, leɓe da kumatu cike da jini. Suka jera hotunan biyu. Shekara ashirin da biyar tana kallon fuskokin mutane, ta san fuskar mai lafiya ta san ta wanda ciwo ke ci, kuma matar da ke gefen hagu ba ta da lafiya.

"Ba fitila ba ce, Mama," in ji 'yar a hankali. Ta ɗauki waya ta kira yayar uwarta.

Yaya tsohuwar malamar firamare ce, irin waɗanda ko bayan ritaya idan suka ce zauna sai ka ji gwiwarka ta lanƙwashe da kanta. Washegari da sassafe ta iso da lema da gorar ruwa. "Sa takalmi," ta ce. Mai Hoto ta fara zancen 'yan makaranta talatin da za su zo fasfo. Yaya ta ce, "Fuskokinsu ba za su gudu ba. Sa takalmi."

A asibiti suka yanki kati suka bi layi a kan dogon benci. Likitar mata ce ta gan su, wata 'yar gajeruwa mai saurin magana. Ta ja fatar idon Mai Hoto ƙasa, ta dubi tafin hannunta, ta tambaye ta kwana nawa take yi, auduga nawa a rana, tun yaushe. Da ta ji amsar sai ta ajiye biro.

"Shekara biyu? Anti, da wane jinin kike tafiya?"

"Da na aro," in ji Yaya.

Aka ɗebi jini, aka tura ta ɗakin hoton ciki. Aka shafa mata wani mai sanyi a mara, aka ɗora na'ura ana zagayawa. Mai Hoto ta ɗaga kai ta leƙi allon, ta ga baƙi da fari da dishi-dishi kamar talabijin ta rasa tasha. Duk da tsoron da ke cinta, bakinta bai haƙura ba.

"Ɗana, wannan hoton naka da a shagona ne da ba a karɓa ba."

Mai na'urar ya yi dariya har ya ɗaga hannu daga cikinta.

Likita ta zana musu mahaifa a bayan takarda, ta yi da'ira huɗu a jikinta. Ta ce ƙari ne, tsokar mahaifar ce da kanta take dunƙulewa ta yi curi. Babban ya kai girman kan jariri, shi ya sa ciki ya fito, shi ke danne mafitsara, wani ƙarami kuma da ke ciki shi ke jawo zubar jinin. Cin ƙanƙarar ma, ta ce, alamar ƙarancin jini ce.

"Likita," in ji Mai Hoto, "ciwon daji ne?"

"Duk alamun da na gani ba su nuna haka ba. Irin wannan ƙarin mata da yawa suna da shi, wasu har su tsufa ba su sani ba. Za mu ƙara gwaji don mu tabbatar, amma ki kwantar da hankalinki."

Mai Hoto ta fashe da kuka, Yaya ta ba ta hankici tana cewa, "An ce miki ba shi ba ne kuma kike kuka?" alhali ita ma tana share nata da gefen mayafi.

Likita ta shimfiɗa mata hanyoyi. Akwai maganin rage zubar, amma ƙarin ya yi girman da magani ba zai kawar da shi ba. Ana iya yin aiki a cire curin a bar mahaifa, sai dai yana iya dawowa. Ana iya cire mahaifar gaba ɗaya a bar mata ma'ajiyar ƙwai, jini ya tsaya har abada. "Jikinki ne," ta ce. "Je ki yi tunani. Kafin nan ga maganin ƙarin jini, ki ci hanta da ganye da wake, kuma za mu buƙaci masu ba da jini."

Kwana uku tana juya maganar. Ba haihuwa take so ba, ta gama da wannan tuntuni, amma duk lokacin da ta tuna kalmar cirewa sai ta ji kamar za a rage ta. A rana ta huɗu ta je shagon mijinta da hantsi, ta zauna a kan wani mataccen firji da aka kwantar.

"Baban yara, idan aka cire, me ya rage? Mace ba mahaifa?"

Ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Ranar da na shiga shagon babanku, na ga idanu, na ji baki mai kaifi kamar reza. Ban tuna an nuna mini mahaifa ba. Ni dai a bar mini mai bakin."

Da ta kawo zancen a gida, ta ce wa 'ya'yan, "Ɗakinku na farko ne fa." Auta ta ɗago daga littafinta ta ce, "Mama, mun tashi daga gidan nan tun tuni. Yanzu 'yan kama-wuri ne a ciki, a rushe kawai." Dariyar da Mai Hoto ta yi har sai da ta riƙe mara, kuma a cikin dariyar ta yanke shawarar a cire mahaifar.

Ranar ba da jini kusan rabin layi aka rufe. Mai fenti ya zo, mai gyaran takalma ya zo, Mai Kitso ta zo da ƙannenta biyu tana cewa ita ta fara yaɗa labarin ciki, dole ta biya tara. Maigidan shi ne a gaba, ƙirji a buɗe, yana ba kowa ƙwarin gwiwa. Da nas ta fito da allura ya ga tsawonta, sai ya ce ɗakin yana juyawa, ya sulale a kan kujera. Mutumin da ke taɓa wayar lantarki da hannu! Da ya farfaɗo ya ce a rufe masa ido da hularsa, a haka aka ɗiba, kuma har yau idan mai gyaran takalma na son ya kashe masa baki a musu sai kawai ya ce, "A kawo hula."

Da safe aka yi aikin. Abin da ta iya tunawa shi ne fitilun saman gadon, da tunanin cewa da za ta samu irinsu a shago da ta huta. Sai ta farka da yamma, bakinta a bushe, cikinta kamar an ɗora dutse, Yaya na zaune a gefe da carbi. "An gama?" ta tambaya. "An gama tun ɗazu, ke ce kika tsaya barci kamar ba ki da aikin yi."

Ɗakin jinyar gado takwas ne, kuma a nan ta gane cewa ita da ta yi shekara biyu tana ɓoyo, ƙaramar mai ɓoyo ce. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, wadda mahaifarta ta zazzago shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana tafiya a tattale tana cewa ciwon gwiwa ne, har jikarta ta gano. An yi mata aiki kwana biyu kafin na Mai Hoto, don haka ta ɗauki kanta shugabar ɗaki.

"'Yata," ta ce, "kin yi tusa?"

Mai Hoto ta zaro ido. "Kaka!"

"Kada ki ji kunya. A nan ɗakin ita ce takardar shaida. Sai kin yi za su ba ki shayi."

Haka kuwa aka yi. Nas ta zo da safe ta tambaya, ta dawo da rana ta tambaya, likita ma ta tambaya, wai ita ce alamar hanji ya farka. Da abin ya samu a rana ta biyu, bai zo a ɓoye ba. Kaka ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, a kawo shayi!" Mata bakwai masu ɗinki a ciki suka kama dariya, kowacce ta danna matashi a mara tana roƙon a daina don Allah.

Sakamakon gwajin ƙarin ya fito babu ciwon daji. Likita ta ce mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyo, amma ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Babbar 'yar ta riƙe shago, Yaya ta tare a gidan ta kafa mulki. Mai Hoto ta yi ƙoƙarin ɗaga bokiti sau ɗaya, kallon da Yaya ta yi mata ya sa ta ajiye ta ce dama gwadawa take yi.

Ƙarfin bai dawo rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa shigowa, har wata safiya ta lura ta share tsakar gida ta shanya kaya ta yi waƙa, kuma ba ta nemi wurin zama ba. Ta ce wa Yaya, "Ashe haka mutane suke ji? Ni na ɗauka kowa a gajiye yake, yana daurewa ne kawai." Maigidan ya kawo mata kofin ƙanƙara don murna, ta sa ɗaya a baki ta tofar. "Wannan abin nake ci? Ba ɗanɗano, sai ciwon haƙori." Ya ce shi dai firjin jama'a sun tsira.

Da ta koma shago sai ta ƙara wata sana'a a kan tata, wadda ba a biyanta. Idan mace ta zauna fasfo, Mai Hoto ta ga leɓenta fari, bayan ta danna sai ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, kada ki ga na shiga abin da ba ruwana, kwana nawa kike yi?" Wasu su ɓata rai su karɓi hotonsu su tafi. Wasu kuwa su dubi ƙofa, su ja kujera kusa. Ba ta taɓa ba kowa magani ba. Abin da take da shi labarinta ne, da kwatancen ƙofar da ake yankar kati, da shawarar a je da wuri kafin benci ya cika.

Wata rana da shago ya yi shiru, Mai Kitso ta tsallako, ba guɗa ba tsokana. Ta zauna tana wasa da matajin da ke ɗaure. Ta ce al'adarta ta ɗauke shekara uku ke nan, amma watan nan ta ga ɗigon jini sau biyu, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

"Gobe da safe," in ji Mai Hoto.

"Ina da amarya gobe, kai uku."

"Kawunansu ba za su gudu ba."

Suka je tare. Likita ta ce ta kyauta da ta zo da wuri, domin jini bayan ɗaukewar al'ada ba abin jira ba ne. Aka duba aka samu wani ɗan tsiro a bakin mahaifa, aka cire shi a ranar ba tare da kwanciya ba, bayan mako biyu gwaji ya ce ba mugu ba ne. A ranar da suka karɓo sakamakon, suna fitowa daga ƙofar asibiti sai ga motar layinsu ta fara tashi daga tasha. Mai Hoto ta tattare zani ta ce, "Taho!" ta zura a guje, jakar kyamara na dukan bayanta. Ta cim ma motar ta buga mata gefe, direba ya taka birki, ta riƙe ƙofa tana jiran Mai Kitso da ke tahowa a baya tana haki tana zaginta.

Kwandasta ya ce, "Mama, a hankali mana, wata motar na zuwa."

"Na sani, ɗana. Wannan nake so."

Suka samu kujera a baya. Mai Kitso ta ce wallahi ba ta sake bin ta ko'ina, sannan ta zaro takardar sakamakon daga jaka ta ce a sake karanta mata wurin da ya ce babu komai. Mai Hoto ta karanta mata da ƙarfi, har matar da ke gabansu ta juyo ta ce, "Barka," ba tare da ta san ko barkan mene ne ba.